Allah Gafarta Malam, A Ɗaura Auren: Amsa Kan Ƙwayoyin Sida Masu Ruwa Biyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali da almajirai.

Tambayar da kuka aiko mini a filin lafiya na rediyo, lokaci ya ƙure ban ba ta haƙƙinta ba. Da yake a bainar jama'a kuka yi ta, na ga gara in amsa a rubuce inda kowa zai gani. Kun ce an kawo muku maganar aure, wani magidanci da wata bazawara, dukansu suna ɗauke da ƙwayar Sida, kowa ya san halin da ɗan'uwansa yake ciki, iyaye sun amince. Ana shirin sa rana sai wani ɗan boko ya ce kada ku kuskura, wai ƙwayar miji da ta mata za su gauraya su haifar da sabuwa wadda awo ba ya gani, magani ba ya kamawa, wai ma an taɓa samun irinta a nan Nijar. Kuka ce in faɗa muku gaskiya: a ɗaura ko a fasa?

A ɗaura, Malam. Amma kada a yi wa yaron faɗa, domin rabin maganarsa gaskiya ce, kuma a cikin wannan rabin ne sharaɗin da zan roƙe ku ku gindaya yake.

Abin da muke kira Sida da baki ɗaya, a takardar awo iri biyu ne, VIH-1 da VIH-2, waɗanda ƴan Nijeriya ke rubutawa HIV. Ta biyun tamu ce ta Afirka ta Yamma, an gano ta a 1986, ta fi yawa a Gini Bisau da maƙwabtanta, ba ta da saurin yaɗuwa kuma tana jan lokaci kafin ta kwantar da mutum. Ta farkon ce ta girgiza duniya, ita aka gano a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris a 1983. Ita ma rukuni huɗu ce, M da N da O da P, kowane ya tsallako daga manyan birai zuwa ɗan Adam a karo na daban. Uku na ƙarshen kusan a Kamaru da kewayenta suka tsaya. M kuwa, daga dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru ta bi kogi ta isa Kinshasa wajen 1920, ta samu birni mai tasowa da jirgin ruwa da jirgin ƙasa, ta yi ta rassa. Akwai jinin da aka ɗiba a Kinshasa a 1959 da wata tsokar da aka ajiye a 1960. Da aka karanta ƙwayoyin cikinsu sai aka tarar tun lokacin sun riga sun yi nisa da juna. Ke nan rarrabuwar ta girmi sunan cutar, wadda sai 1981 likitocin Amurka suka fara ba da labarinta.

Rassan nan haruffa aka sa musu: A, B, C, D, F, G, H, J, K, sai L da aka tabbatar a 2019. Wani babban lissafi da aka buga a mujallar Lancet Infectious Diseases a wannan shekarar ya nuna reshen C shi kaɗai ya kwashe kusan kashi 47 cikin 100 na masu ɗauke da cutar a duniya, galibi a kudancin Afirka da Habasha da Indiya. Reshen B, na Turai da Amurka, kashi 12 ne kacal, amma a kansa aka gina mafi yawan binciken farko, domin can kuɗin yake. Masu ruwa biyu, wato gaurayen rassa, abin da yaron ya tsorata ku da shi, sun kai kusan kashi 23. Abin da ya kusa kai ɗaya cikin huɗu na duniya ba sabon abu ba ne.

Ga yadda ruwa biyun ke samuwa. Kun fi ni sanin aikin mai kwafar littafi da hannu. A ce almajiri ne aka ba shi kwafi biyu na waƙa ɗaya ya juya, yana rubutu yana kai ido nan, yana kai ido can, ba ya kuma komawa baya ya duba kuskure. In kwafi biyun daga hannun malami ɗaya suka fito, abin da zai fitar shi ne waƙar, sai ɗan tuntuɓen alƙalami. In kuwa ɗaya ruwayar Damagaram ce ɗaya ta Katsina, zai fitar da ta uku: farkonta na nan, tsakiyarta na can. Haka ƙwayar nan take. Kowace guda tana ɗauke da kwafi biyu na rubutun gadonta, haruffa wajen 9,700. In ta shiga ɗaya daga sojojin jiki, waɗanda muke kira CD4, sinadarin da ke juya rubutun yakan yi tsalle daga wannan kwafi zuwa wancan, kuma ba ya gyaran kuskure. A jikin wanda ba ya shan magani ana ƙera sababbin ƙwayoyi har biliyoyi a rana ɗaya.

Ku lura da abin da dole ya haɗu kafin a samu ta uku. Sai mutum ɗaya ya kamu da ƙwaya iri biyu, wato reshe biyu daban-daban. Sai iri biyun sun shiga soja ɗaya. Sai kuma ana cikin aikin kwafar, ba a tsaya ba. In aka cire ɗaya daga cikin ukun, zancen ya mutu.

Yawancin irin waɗannan gaurayen a jikin mai su suke ƙarewa. Wanda ya fita ya yaɗu, har aka same shi a jikin mutum uku aƙalla da ba su da alaƙa da juna, shi ake ba lamba a sa masa CRF a gaba. Yanzu sun wuce 100. Na farko, CRF01_AE, shi ya mamaye Tailan da maƙwabtanta. Na biyu, CRF02_AG, gaurayen A da G, daga wani jinin Ibadan aka fara bayyana shi a 1994, kuma shi ne sarkin Afirka ta Yamma har yau. Na shida, CRF06_cpx, ya fi rikici, domin gutsattsarin A da G da J da K ne a jiki ɗaya, an fara ganinsa a jinin da ya fito daga Burkina Faso da Mali.

A nan maganar yaron ta samu gindin zama. A farkon shekarun 2000, Saidou Mamadou da abokan aikinsa na Yamai da Montpellier ta Faransa sun karanta ƙwayoyin da ke yawo a Nijar. Suka tarar fiye da rabi CRF02_AG ne, kusan ɗaya cikin biyar CRF06_cpx. Suka kuma tarar da wasu da suka fito daga gaurayar waɗannan biyun, wato ruwa biyu ya sake haɗuwa da ruwa biyu. Ɗaya daga cikinsu ya samu lamba, CRF30_0206, kuma jinin da ake kafa hujja da shi a kansa na ɗan Nijar ne. To, an samu a Nijar, ba ƙarya. Abin da yaron bai hango ba shi ne: in haka ne, ango da amaryar da ke gabanku, mafi rinjayen zato, kowannensu tun asali mai ruwa biyu yake ɗauke da ita. Da ita aka yi musu awo aka gani. Da ita suke shan magani suna tashi suna neman abincinsu.

Ba abin mamaki ba ne ƙasarmu ta zama mahaɗa. Masu ɗauke da cutar a Nijar ba su da yawa, binciken ƙasa na 2012 ya ba da kashi 0.4 cikin 100 na manya, amma mu mutanen hanya ne. Daga tashar Damagaram a kama hanyar Matamai a tsallaka Daura sai Kano, inda reshen G da CRF02_AG suka fi yawa a Nijeriya. A yi yamma, Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Abijan, Kwatano. A yi arewa, Tanut, Agadas, Libiya da Aljeriya, ga kuma zinariyar Jado tun 2014. Ƙwayar da ke bakin teku da wadda ke Sahel dole su gamu a wani wuri.

Sai dai ina jin haushin yadda ake juya wannan a majalisa, a ce ƴan ci-rani ne ke kwaso mana, ko a ce ciwon Kano ne. Hanya ba ta tafiya gefe ɗaya. CRF06_cpx ɗin nan tamu ta Sahel, ita ce ta mamaye ƙasar Estoniya, can arewacin Turai, tun daga shekarar 2000, tsakanin matasa masu yi wa kansu allurar ƙwaya da sirinji ɗaya. Ba don ta fi sauran ƙarfi ba. Ita ta riga shiga cikin mutanen da ke musayar jini da juna, shi ke nan ta gaje wurin. Mutanen Estoniya in suna neman wanda za su zarga, mu za su nuna, kuma ba za mu ji daɗi ba.

Yanzu ga zargi uku da aka yi wa mai ruwa biyu.

Cewa ta fi muni. Akwai bambanci tsakanin rassa, ba a musu. A Uganda an ga reshen D yana kai mutum ƙasa da sauri fiye da A in babu magani. A Kuba an danganta wani gauraye, CRF19_cpx, da saurin kwantar da mutane. Amma wadda aka bayyana a Holan a 2022, mai yawan ƙwaya a jini da saurin cin sojojin jiki, reshen B ce, ba gaurayen rassa ba. Gauraya ita kaɗai ba ta sa ƙwaya ta yi muni, kuma ta Holan ɗin ma da aka ba masu ita magani sun murmure kamar kowa.

Cewa awo ba ya gani. Wannan tsohon labari ne da aka ɗora a kan wanda ba nasa ba. A farkon shekarun 1990 wasu kayan awo sun kasa ganin rukunin O na Kamaru, aka gyara su. Abin da muke aiki da shi yau, a soki yatsa, a ɗiga jini a ɗan tsinken awo, a ƙara ɗigon ruwan magani, a jira minti 15 zuwa 20 a ga layi ɗaya ko biyu, ba rubutun ƙwayar yake karantawa ba. Martanin da jiki ya mayar mata yake nema, a sassan da ba su cika canzawa ba. In layi biyu ya fito ma ba ma faɗa wa mutum komai sai mun sake da wani awon daban, wanda zai tabbatar ya kuma raba mana VIH-1 da VIH-2. Abin da awo ke kasa gani shi ne kamuwar jiya-jiya, kafin jiki ya farga, wadda kan iya kai wata uku. Wannan ya shafe ku, Malam, fiye da zancen rassa. Bazawara dai ta yi idda, in aka auna ta bayan ta gama an samu natsuwa. Namiji ba shi da idda. Takardar da ya kawo muku mai kwana uku tana ba da shaidar watannin baya ne, ba ta san inda ya kwana makon jiya ba.

Cewa magani ba ya kamawa. Ƙwaya ɗaya da ake haɗiya kullum yanzu, TLD, magani uku ne a dunƙule, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dolutegravir a gaba ga kowa. Tana aiki a kan A da C da G da gaurayensu. Shi ya sa a aikinmu na yau da kullum ba ma neman sanin reshen mutum, don ba zai canza abin da za a ba shi ba. Bambancin da ke da nauyi shi ne na 1 da 2, domin VIH-2 tun asali ba ta jin nevirapine da efavirenz, magungunan da aka daɗe ana bayarwa kafin TLD. Inda rarrabuwar nan ta ci mu da gaske shi ne allurar rigakafi. Gwajin Tailan na 2009 ya ba da kariya ta kashi 31 kawai, da aka sake ƙera irinta don reshen C aka gwada a Afirka ta Kudu sai aka tsayar a 2020 ba ta tsinana komai ba. Bawon ƙwayar tsakanin reshe da reshe yakan bambanta da kusan kashi ɗaya cikin uku, jiki ya koyi fuska ɗaya a zo masa da wata.

Saura abin da ya sa na ce akwai sharaɗi. Mutane da yawa, har da masu ɗauke da cutar, sun ɗauka wanda ya jiƙe ba ya tsoron ruwa: tunda duk muna da ita, me ya rage? Ya rage. Mai ɗauke da ita yana iya sake kamuwa da wata. A 2002 aka ba da labarin wani mutum a Janeba ta ƙasar Suwizalan, yana da CRF01_AE, ya dakatar da magani, ya yi tafiya Barazil, ya dawo da reshen B a kan ta farko. A Rakai ta Uganda an bi mutane aka tarar yawan sake kamuwar ya yi kusa da yawan kamuwar farko a cikin jama'ar wurin. Abin tsoro a ciki ba haruffan sunan ba ne. Abin tsoro shi ne ta biyun ta zo da taurin kai, wato ta riga ta saba da magani a jikin wanda ke sha yana bari. Sai matar da ba ta taɓa tsallake rana ba ta gaji laifin da ba nata ba.

Maganin nan aikinsa tsayar da kwafar. In mutum ya riƙe shi, cikin wata shida galibi ƙwayar takan ragu a jini har na'ura ta kasa ƙidaya ta. An bi dubban ma'aurata da masoya, ɗaya na da ita ɗaya babu, shekara da shekaru, ba a samu wanda ya ɗauka daga abokin zaman da jininsa ya kwanta haka ba. Wanda ba ya ba mai lafiya, ba zai ba mai ɗauke da ita ba. Kuma wanda ke shan nasa, maganin da ke jininsa garkuwa ne gare shi. Miji na sha, mata na sha, jinin kowa ya kwanta: sharuɗɗa ukun nan da na lissafa babu ko ɗaya da ya rage a tsaye.

Saboda haka takardar da za ku tambaya ba ta "yana da ita ko ba shi da ita" ba ce, wannan kun riga kun sani. Ku tambayi ta awon yawan ƙwaya, wadda a likita muke kira sharj biral. Ana yin ta wata shida bayan fara magani, a sake a wata na 12, daga nan shekara-shekara. In ta kowannensu ta nuna ba a ga ƙwaya ba, a kawo goro. In ta ɗaya ta haura ƙwaya 1,000 a mililita ɗaya ta jini, ba a fasa aure ba, amma a koma wurin likita a gano dalili, a yi amfani da kwaroron roba har ta sauka. Na san ba kalmar da kuke son ji daga bakin ƙaraminku ba ce. Tsakanin miji da matarsa ne, don kare rai.

Akwai abubuwan da nake gani a bakin aiki da nake so ku sa a nasihar da za ku yi musu, domin daga bakinku za ta fi shiga. Magidanci ya karɓi maganin wata uku, ya ɓare takardar jikin kwalbar, ko ya juye a leda don kada ta yi kacau-kacau a aljihu abokan tafiya su ji, ya hau mota sai wurin zinariya. Ya yi niyyar wata biyu, ya yi takwas. Maganin ya ƙare, ko ya dinga sha yau ya tsallake gobe don ya kai shi. Wannan ja-in-ja ɗin shi ke koya wa ƙwaya taurin kai. Ya dawo da ƴan kuɗinsa da ƙwayar da ta farfaɗo, matarsa ba ta sani ba. Wani gidan kuma kwalba ɗaya miji da mata ke rabawa, don shi yana jin kunyar a gan shi a layin likita, ita ke zuwa ta karɓo da sunanta. Wata uku ya koma wata ɗaya da rabi, duka biyun sun cutu. Magani kyauta ne a likitocin gwamnati. Mai niyyar tafiya ya zo ya faɗa tun da wuri a san yadda za a yi da shi.

Kun ce magidanci ne, ba ku ce ko da mata a gidan ba. In akwai uwargida, auren nan na mutum uku ne. In ba ta ɗauke da ita, kariyarta tana cikin kwalbar mijinta, kuma haƙƙinta ne ta sani, ta auna, a gaya mata akwai maganin kariya da marar cutar ke iya sha. In tana ɗauke da ita, ita ma takardarta ta shiga lissafi. Gida mai ɗaki biyu ko uku, in mutum ɗaya ya yi sakaci, nan ne ƙwayoyi daban-daban ke samun wurin gamuwa, ba sai an je Abijan ba.

Haihuwa kuma kada a hana su. In ba a yi komai ba, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa, a ciki ko wurin haihuwa ko a nono. In uwa na kan magani, tana zuwa awon ciki, ta haihu a likita, aka ba jariri nasa ɗigon, abin yakan sauka ƙasa da 5.

Abu na ƙarshe, Malam, ku yi mini afuwa. Yadda kuka kawo tambayar a rediyo, kun ambaci bazawara da magidanci, kuma garin nan namu na Damagaram ba shi da girma. Daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam, mata uku in suka haɗu a gidan suna za su iya lissafo wanda ake nufi. Ranar ɗaurin aure kada a ji wani bayani ya fita daga zaure, kada waliyyi ya ɗaga takarda sama a gaban shaidu. Dokar ƙasa ta kare sirrin mai ɗauke da cutar nan, kuma ni ma tana kaina: ko ku da kanku kuka tako ɗakin awo, da duk girman da nake ba ku, ba zan buɗe muku rajista ba. Su biyun za su kawo muku takardunsu da hannunsu, ku duba ku mayar musu.

Wassalam.

Ɗanku, ma'aikacin ɗakin awon jini, Damagaram.